Wuƙar Ladan da Mazagin Alhaji

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ranar da aka gurfanar da wuƙar mahaifina a zauren Liman ba za ta bi shi ba. Abin ya faru ne a shekarar da sojoji suka fara mayar wa farar hula mulki, lokacin ban daɗe da yin aure ba, ina taya Baba aikin dukanci a rumfarsa ta Kasuwar Kurmi.

Baba shi ne ladanin masallacin layinmu a Mandawari tun kafin a haife ni. Ba ya shan taba, ba ya zaman dara, amma Allah ya jarabce shi da son wuƙar aljihu, irin mai baki da yawa wadda ake ninkewa. Yana da su cike da wata tsohuwar adaka. Akwai wadda wani tsohon soja ya bar masa, akwai na tsarabar alhazai, akwai kuma ƙirar maƙeranmu na gida masu ƙotar ƙaho. Duk Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa buzu, ya jera su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da dutsen washi da ɗigon man gyaɗa. Mahaifiyata takan ce da mu 'ya'yansa mun samu rabin man da wuƙaƙen nan suke sha, da ba mu tashi da kaushi ba.

'Yar lelensa wata ja ce wadda ba ta rabuwa da aljihunsa, kuma kowane baki nata da aikin da ya yanka masa. Babban na fasa goro ne a majalisa, ƙaramin na feƙe alƙalamin masu rubutun allo, ɗan almakashin na gyaran gashin baki, basillar kuwa ta huda fata. Sai wani ƙarfe guda, murɗaɗɗe mai tsini, wanda babu wanda ya san kansa. Baba ya daɗe yana nazari, a ƙarshe ya yanke cewa Turawa sun ƙera shi ne don kwance mazagin wando idan ƙulli ya cije. Kuma wallahi yana kwancewa. Sai ya soka tsinin a tsakiyar ƙulli, ya ɗan murɗa, ya ja, shi ke nan. Duk layinmu a haka muka san shi.

To, muna da wani maƙwabci, Alhaji mai kantin atamfa, wanda siyasa ta raba jam'iyyarsa da ta Baba. A cikin zafin yaƙin neman zaɓe ya sayo wa masallaci lasifika. Ranar gwaji aka ba shi ya yi magana a ciki, ya ji muryarsa ta tsallaka har Zaitawa. Tun daga ranar nan ladanci ya shiga ransa, sai dai babu ta inda zai kama Baba.

Wata rana bayan la'asar Baba ya fasa goro yana rabawa, Alhaji ya ƙi karɓa. Ya ce a miƙo masa wuƙar ya gani, ya zaro murɗaɗɗen ƙarfen nan, ya ɗaga shi sama.

"Malam, ka san aikin wannan kuwa? Na buɗe kwalbar giya ne. A murɗa shi cikin toshiyar, a finciko, ka ji ta ce fus."

Har da kwatanta fincikar ya yi da hannu. Dattawa suka fara tofar da goron da ke bakinsu. Kafin gari ya waye magana ta yi fiffike, an ce ladan yana yawo da mabuɗin giya a aljihu. Wasu ma suka tuna cewa tabbas sun taɓa jin muryarsa tana layi a kiran asuba, mutumin da ko lemon kwalba ba ya sha. Aka riƙa dawo mana da alƙaluman da ya feƙe. Liman ya sa ranar zama, ya ce kafin nan Baba ya ɗan huta, Alhaji kuwa ya ce zai daure ya riƙe masa.

Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a kwanakin nan babu mai dariya a gidanmu. Baba ya daina cin abincin kirki. Da asuba sai ya tashi kamar yadda ya saba, ya yi alwala, ya zauna a kan buzu yana sauraron Alhaji yana ta kokawa da lasifika. Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar a lokacin ba. Na ce ya jefa wuƙar a rijiya a huta, ya ce in ya jefar ya amsa laifin ke nan.

Ranar zaman ta faɗo daidai da ranar miƙa mulki. Tun safe Alhaji yake wajen murnar 'yan jam'iyyarsu cikin sabuwar babbar riga da sabon wando, yana ɗirkar kunun zaƙi da zoɓo kamar ba gobe. Daga can ya wuto zauren Liman, magoya bayansa suka cika ƙofar gida. Aka ajiye wuƙar a tsakiyar tabarma, bakunanta duka a buɗe, dattawa sun kewaye ta kamar an kama ɓarawo.

Alhaji ya fara jawabi da ƙarfinsa, ya ce shi ko da sanda ba zai yarda wuƙar nan ta taɓa jikinsa ba. Can sai muka ga yana gyara zama. Ya jingina ta dama, ya koma ta hagu, gumi ya karyo masa. Ya nemi izini ya shiga kewaye, muka yi ta jira. Da ya fito fuskarsa ta canza, ya tattare riga da hannu ɗaya, yana taka rawar da babu kiɗa. Ashe sabon mazagi ne ya sha gumi, ƙulli ya cije, ya ja ta inda bai kamata ba ya ƙara ɗaurewa. Ya gwada farce har ya karye.

Wani dattijo ya ce a yanke kawai. Alhaji ya ce a rufa masa asiri, wandon nan in babu mazagi ba abin da zai riƙe shi, ga jama'arsa a waje suna jira su raka shi gida da waƙa. Liman ya dubi Alhaji, ya dubi wuƙar, ya kama gemunsa yana danne dariya. Ya ce shi dai a iya saninsa maganin wannan matsala guda ɗaya ne a unguwar nan, kuma shi ake wa shari'a.

"Malam, don girman Allah," in ji Alhaji, da wata 'yar siririyar murya wadda ko lasifika ba za ta taimaka mata ba.

Baba bai yi gardama ba. Ya ninke sauran bakunan a natse, ya bar murɗaɗɗen, ya ce in ɗage wa Alhaji riga. Ya durƙusa, ya soka tsinin, ya murɗa. Ni kaɗai na ji abin da ya faɗa, don ƙasa-ƙasa ya yi maganar.

"Alhaji, wuƙar nan ta fi ɗana daɗewa a hannuna, ban taɓa sanin aikin ƙarfen nan ba. Liman bai sani ba, duk dattawan nan ba su sani ba. Kai a wane zaure ka ji ta ce fus?"

Ƙulli ya saki, Alhaji ya ruga. Ya daɗe a kewaye fiye da yadda buƙata ta nema. Da ya dawo ya zauna, sannan ya shaida wa Liman cewa ya sake nazari, ya gane kuskure ya yi, ƙarfen nan na mazagi ne, shi ma shaida ne. Liman ya yi fatiha, Baba ya ciro goro ya fasa da wuƙar, kowa ya karɓa, har da Alhaji. Magaribar ranar Baba ne ya kira, a cikin lasifikar Alhaji.

Ni kuwa haushi ya cika ni. A hanyar gida na tambaye shi me ya hana shi ɗaga murya kowa ya ji, ai da Alhaji bai sake ɗaga kai a Mandawari ba. Baba ya ce mutum yana tsaye a gabanka riƙe da wando, yana da mata da 'ya'ya, ai ba lokacin tona masa asiri ba ne. Ya ce ladancinsa ya je karɓowa, kuma ya karɓo.

Baba ya rasu da daɗewa, adakar tana wajena, jar wuƙar tana aljihuna. Na yi ta samun kaina a inda asirin wanda ya cuce ni yake a tafin hannuna, har bakina ya buɗe, sai in ji nauyinta a cinyata in tuna da shi a durƙushe yana magana ƙasa-ƙasa. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: ka karɓi haƙƙinka cikakke, amma ka bar wa abokin rigimarka abin da zai koma gida da shi.