Irin Waken Suyan Mahaifiyata a Bayan Idu

Shekarun baya can, ciwon gwiwa ya hana mahaifiyata noma damina guda. Sai ta aiko mini da irin waken suyanta Abuja, ɗaure a tsumma. Shi waken suya ba ya jira, in ya tsallake damina ba a shuka shi ba, yawanci ba ya tsirowa. Wannan iri kuwa tun na kakata Inna ne. In ya mutu a hannuna, ya mutu ke nan.

Ta waya ta ce, "Ɗan nan, ka zuba masa takin supa lokacin shuka, ka ƙyale shi. Kada ka ba shi takin masara, ba ya son shagwaɓa."

Abokina ya ara mini gefen filinsa a bayan Idu, shi ma ya shuka nasa waken na kasuwa. Shi kam yuriya, takin masarar nan, ya yi ta antaya masa. Kafin ka ce kwabo nasa ya kai ƙugu, kore shar, nawa kuwa ko gwiwa bai kai ba.

"Oga, yunwa waken nan naka yake ji," in ji shi. "Hajiya ƙasar ƙauye ta sani, nan Abuja ce."

Wallahi hankalina ya tashi. Ina ofis, zuciyata tana gona. A tashi aiki in tafi, Asabar in tafi, in tsuguna ina leƙen ganye sai ka ce mai jinya. Har Dei-Dei na je na sayo yuriya, na yi ta yawo da ita a bayan mota. In buɗe, in tuna muryar tsohuwa, in rufe. Matata ta ce, "Ko dai ka zuba, ko ka bar mu mu sarara." Ban zuba ba, kuma ban bar su sun sarara ba.

Da aka yi wani ruwa mai iska, na abokina ya kwanta, ganye tuli, 'ya'ya kaɗan, waɗanda suka taɓa ƙasa suka yi baƙi. Nawa gajeren ya tsaya cike da kwanso. Duk da haka ban natsu ba, don cikar buhu daban, rai a cikin ƙwaya daban.

Na aika wa mahaifiyata irin da na girbe. Ta ɗebi ɗan kaɗan ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ni kuma na koma duba waya. Ranar da ta kira ina cikin cunkoso, manyan motoci ta ko'ina.

"Sun tsiro," ta ce. "Na Inna sun tsiro."

Sai na ji tana jan hanci. Na gangara gefen titi na kashe mota.

Har yau ban iya haƙuri ba, in na ga gonar wani ta fi tawa kore sai in fara tunanin taki. Amma na daina saurin zuba wa abu taki don kawai ni ne na ƙagu. Mahaifiyata ba ta ƙara riƙe fartanya ba. Ni nake shuka irin yanzu, kowace damina, ko ina da lokaci ko ba ni da shi.