Sunan Sojan Da Madam Ilza Ke Nema

Bobigny

Bayan sallar asuba na fito daga gidana a Bobigny, nan Faransa, gari bai waye ba, zuciyata kuma ba ta kwanta da tafiyar ba. Alhaji Maman, mai shagon waya a unguwar Barbès, shi ya haɗa ni da wata Bajamusa da ke zaune a birnin Lyon. Wai tana rubuta tarihin garinsu, tana neman mai jin Hausa.

"Alhaji, me ya haɗa garin Jamus da Hausa?"

"Ni ma ban sani ba, ɗana. Ka je, amma kar ka sa hannu a kan kowace takarda."

A tashar jirgin ƙasa 'yan sanda suka tsallake kowa suka tsaya kaina. Suka juya katin izinin zamana gaba da baya, suka miƙo mini. Har jirgi ya tashi ina waiwaye.

Lyon

Da hantsi na sauka. Farar fata nake nema, sai wata tsohuwa wankan tarwaɗa, mai furfura, ta kira sunana. Madam Ilza ke nan. Abin ya ƙara ɗaure mini kai.

A gidanta ta kawo shayi da burodi. Ban taɓa ba. Ta fara ba ni labarin garinsu: ɗan ƙarami ne a bakin daji, kusa da iyakar Faransa, sana'arsu ƙera agogo. Ya taɓa ƙonewa, aka sake gina shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Faransa suka zauna a can, cikinsu da baƙaƙen fata.

"Littafin tarihin garinmu ya faɗi gobara, ya faɗi agogo. Bai faɗi sojojin ba, bai faɗe ni ba," in ji ta.

Na ce a raina, gado take nema, ko shaidar da zan sa wa hannu. Na tambaye ta kai tsaye me take so.

"Sunan babana kawai. Uwata ba ta jin Faransanci, shi ba ya jin Jamusanci. Ranar da aka kwashe su ya dafa ƙirjinsa ya faɗi sunansa sau biyu. Na neme shi a rajistar soja ban samu ba. An ce mini ya yi kama da harshenku."

Ta faɗa a hankali: "Sainadawo."

Na sa ta maimaita.

"Mama, wannan ba suna ba ne. Cewa ya yi zai komo."

Ta ce in koya mata yadda ake faɗinsa daidai. Muka yi ta maimaitawa har ta iya.

Komawa

Da la'asar ta rako ni tasha da kanta. Na iso Bobigny da magariba, na kira Alhaji Maman.

"Ta sa ka sa hannu?"

"A'a, Alhaji. 'Yar gida ce."

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Alhaji da ya tura ni.