Baba Ya Ce A Kai Inna Asibiti

Jama'a, yau marigayi Baba ya yi mana magana!

Kun san Yaya Sani ya haɗa kwamfutocinmu: tawa da ta Baba a nan Gumel, da tasa ta shago a Maigatari. Imel ɗaya, kalanda ɗaya, abin da aka rubuta a ɗaya sai ya fito a sauran. Ta Baba kuwa tana cikin akwati tun da ya rasu.

Ɗazu da hantsi ina shara sai tawa ta yi ƙara. Na leƙa. Sunan Baba! "A kai Innarku awon hawan jini yau. Ko ta ce lafiya lau take, kar ku yarda."

Innalillahi! Sai ga kiran Yaya: "Ke Bilki, ke kika rubuta wannan? Ba na son wasan banza!" Na rantse ban taɓa ba. Sai ya ce ƙila tun kafin Baba ya kwanta ciwo ya sa shi.

Na ruga ɗakin Inna. Ta dafe kai, idonta jawur. Ta ce, "Lafiya lau nake, 'yar nan."

Na taro adaidaita muka tafi. Likita ya ce da mun kai gobe, da labari ya sha bamban.

A gadon asibiti na karanta mata saƙon. Ta share hawaye ta ce, "Malam ke nan. Ya tafi ma bai daina sa mini ido ba."