Rumbun da Na Sa Aka Fasa

Ni ne na yi kuskure, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa. Har yau idan na bi ta inda ake sussukar gero, ƙaiƙayi ya taɓa mini wuya, sai in ji kamar an kira ni gaban alƙali.

A wani ƙauye na tashi, gefen hanyar Nasarawa Burkullu. A bayan gidanmu, daf da ɗakin Gwaggo, akwai wani rumbu da ya bambanta da sauran. Duk girbi kakanmu yakan cika shi da damman gero a zangarniyarsu, ya sa a liƙe bakinsa da laka. Ba a taɓa shi sai lokacin maimai, wato noma na biyu, sa'ad da sauran rumbuna suka ƙare, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Ranar da aka fasa shi, damin farko na Gwaggo ne. Ƙanwar Babanmu ce, mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'yanta, ba ta da gona. Wannan rumbu shi ya sa take cin tuwo a gidan ubanta ba tare da ta kalli fuskar kowa ba.

Na taɓa tambayar kakanmu dalilin da ba a sussuke geron a zuba a buhu ba. Ya ce, "Wanga yaro, in yana buhu mota guda ta isa ta kwashe shi. In yana zangarniya kuwa, kafin mata su gama sussuka, mai son saidawa ya huce."

Shekarar da abin ya faru, kakanmu yana kwance ba ya fita. Ni kuma na ɗan taɓa sakandare a Anka na dawo, ina da rediyo, ina jin na fi kowa sanin duniya. Da bazara manyan motoci suka fara shigowa da fatake daga arewa, inda aka ce amfanin gona bai yi ba. Suna sayen gero da tsadar da ba mu taɓa ji ba. A rediyo kuma ana ta cewa za a kawo takin gwamnati da sauƙi, in abinci ya yi wuya za a fito da hatsi daga ma'ajiya.

Na matsa wa Baba. Na ce mu sayar da geron rumbun nan yanzu, mu sayi taki, gonar da ke ba mu kaɗan ta ba mu da yawa. Ya ce tsoho bai sani ba. Na ce ba sai ya sani ba. Kullum ina binsa da maganar, a gona, a hanyar masallaci, har ya gaji ya ce in yi abin da na gani.

Ni na sa gatari na fasa lakar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Gwaggo tana cikin matan da suka yi sussukar. Ta tsaya da taɓarya a hannu, ƙaiƙayi ya rufe mata gira, ta ce, "Ɗana, in aka kwashe wanga, mi za mu ci ran maimai?" Na yi dariya na ce zamani ya wuce nan. Daga ɗaki kakanmu ya ji luguden, ya tambayi Inna ko biki ake yi. Inna ta ajiye masa kununsa ta fito.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, taki bai zo ba. Kowace safiya nakan tsaya bakin hanya ina sauraren ƙarar mota. Kuɗin kuwa yana zubewa kaɗan-kaɗan, maganin tsoho, gyaran keke, wannan da wancan. Da takin ya iso gero ya wuce lokacinsa, kuma waɗanda suka san wani ne suka samu. Daga baya na ga irin buhunan a kasuwar Gummi, an jera su ga mai iya saye. Hatsi mai sauƙi mun ji an raba a gari, amma ruwa ya yanke hanyarmu. Geron da muka sayar da buhu ya dawo ana auna shi da tiya, tiyar ma ta fi ƙarfinmu.

A zaure Baba da Kawu, yayan Inna, suka mai da yin musu abincinsu. Baba yana cewa laifin gwamnati ne, da ta yi shiru ba ta yi alkawari ba, ba wanda zai saki abin hannunsa. Kawu yana cewa, "Kai dai ba ka son gaskiya. 'Yan kasuwa sun ka kwashe, da hukuma ta tare motocin nan da ba mu ga haka ba." Ni ina gefe, duk wanda ya yi magana sai in gyaɗa kai. Musun yana mini daɗi, domin muddin suna yi ba wanda zai waiwayo ni.

A cikin gida kuwa ƙarar turmi ta ragu. Muka koma kwaɗon tafasa da kunun dusa. Na fara lura da yadda ake kallon kwanon 'ya'yan Gwaggo idan an zuba musu. Ita ma ta lura.

Ranar da muka fara maimai, kakanmu ya sa aka tara mu a ɗakinsa. Muryarsa da kyar take fita. Ya ce, "Ku fasa rumbu. Ku fara kai wa ɗiyata daminta." Baba ya sunkuyar da kai. Ni ina jiran a nuna ni. Sai Gwaggo ta matsa kusa da shi ta ce, "An kai mani, Baba. Allah shi saka." Ya lumshe ido yana murmushi.

Ba a jima ba ta ɗaure kayanta ta tafi Gummi da yaranta. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ta zauna. Sun daɗe suna kwana a rumfar kasuwa, tana yi wa mutane daka. Ɗakinta ya rushe a daminar nan. Kakanmu ya rasu kafin girbi.

Yanzu inji ke sussuka tun a gona, mota tana jira a bakin kunya. Har yau ana musun nan na Baba da Kawu, kuma na yarda kowannensu yana da gaskiyarsa, alkawari ya yaudare mu, kasuwa ba ta tausaya mana ba. Amma alkawarin da kasuwar duk a waje suka tsaya, sai da aka samu na cikin gida ya ɗauki gatari. Ina da rumbu guda da nake liƙewa da laka, yara suna mini dariya, ni kuma duk bazara ba na samun natsuwa sai na zaga na ga lakar tana nan.

Sai da furfura ta fara fito mini na ɗaura dami guda a babur na nufi Gummi. Na same ta a ɗakin haya, ido ya yi rauni. Ta shafa zangarniyar ta ce, "Wa ke kawo gero haka yanzu?"

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, daminki ne na maimai. Ni na matsa wa Baba, ni na fasa rumbun, kin tambaye ni na yi miki dariya. Ni na fitar da ke daga gidan ubanki. Don Allah ki yafe mini."