Jajen da Na Kai Summerfield

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Hamada ta cinye waɗanda muka taso tare, ni ta bar ni. Na iso birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, ba ni da komai sai tari.

Wani dattijon Bature ya tsince ni a bakin titin Gate City Boulevard, ina zaune a inuwar wurin sayar da motoci. Mai gyaran famfo ne. Ya kai ni asibiti, ya samo mini aikin wankin mota, ya kawo katifa a bayan motarsa. Daga baya na ji shi ne shugaban cocin 'yan Mormon na yankin, bishop suke ce masa. Ba albashi. Da rana yana kwance ƙarƙashin bahon mutane, da yamma yana sauraron kukansu. Bai taɓa ce mini in bar sallata ba. Baba nake kiransa.

Shekaru suka wuce. Wata rana wata 'yar cocinsu da nake wanke wa mota ta ce an sauke shi, an ɗora wani matashi. Shi kuma an ba shi kula da ƙananan yara.

A garinmu na ga an tuɓe liman. Bai sake shiga kasuwa ba har ya mutu, kuma waɗanda suka ci tuwonsa su suka fara sauya hanya. Na ce ba za a lissafa ni cikin irinsu ba.

Asabar da safe na sa babbar riga, na ɗauki kilishi, na tafi jaje Summerfield, inda yake zaune. An kwana ana ruwa, ƙasa sai tururi take yi. Dawakai na tsaye a ciki kamar ba su da ƙafafu. Na yi ta tuƙi ina jin kamar ban farka ba.

Na same shi a bayan gida, zaune, yana yanka kifayen takarda da almakashi.

Na ce, "Baba, sai haƙuri. Duniya ce. Wa ya kai ƙararka?"

Ya dube ni, ya dubi rigar. "Wa ya rasu?"

"An tuɓe ka."

Ya yi dariya har da share ido. Ya ce haka suke yi. A ɗora wa mutum kaya, ya ɗauka 'yan shekaru, a ce sauke, wani ya karɓa. Wanda aka ɗora ɗin ma shi ya koyar da shi yana yaro.

"Ba ka jin kunya?"

"Barci dai nake ji," in ji shi. "Na manta rabona da Asabar tawa ta kaina."

Na zuba wa fuskarsa ido. Na san fuskar wanda aka karya, na gan ta da yawa. Ba ita ba ce.

Ya miƙo mini almakashi. Ya ce gobe a coci yaran za su so kifi da yawa. Na naɗe hannun riga na zauna. Kifina na farko ya fito kamar takalmi. Ya jefa shi cikin sauran.