Sallama Uku a Zauren Mai Raino

A gidanmu na Fagge, idan damina ta ja baya aka fara cirar gyaɗa, kakarmu Iya Asabe takan tara mu a bakin murhu bayan an ci tuwo. Tatsuniyoyinta duk na ban dariya ne, ban da guda ɗaya. Ranar da za ta ba mu ita, sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ku matso, ta yau ba ta dariya ba ce."

Wai an yi wata mai raino a gidan wani Bayahude ɗan Turabulus, mai sayen gyaɗa. Zazzaɓi ya kama 'yarsa, ta cika a bayan mai rainon. Cikin zafin rashi ya ce sakacinta ne, ya kore ta a gaban jama'a.

"Su Yahudawa kuwa suna da wata rana," in ji Iya, "ba ci ba sha, daga faɗuwar rana zuwa wata faɗuwar, suna roƙon gafara. Amma sun ce Allah ba ya yafe haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe."

Ana gobe azumin sai ga shi a zaurenta yana sallama. Ta ƙi fitowa. Shekara ta zagayo, ya dawo. A ta uku ya tsaya har rana ta yi ja yana cewa, "Na zalunce ki." Tana jin sa, tana ta tankaɗenta. A ta huɗu ta share zauren, ta shimfiɗa tabarma. Bai zo ba. Ashe an binne shi tun bazara.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Shi ke nan. Har yau, in lokacin kaka ya yi, tana jin sallamar."

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa Iya ce mai rainon.

Yanzu ina aikin likita a Doha. Bara wata abokiyar aikina, Bayahudiya 'yar Kanada, ta tare ni a bakin mota.

"Gobe Yom Kippur, ranar tubanmu," ta ce. "Na yi miki tsawa a gaban ma'aikata, ban kyauta ba."

Kafin ta rufe baki na ce na yafe.

A hanyar komawa gida a unguwar Madinat Khalifa na tsaya gefen titi, na sake faɗin kalmar da sunan Iya. Ban san ko ana yafiya a madadin wadda ta mutu ba. Na dai ɗaga murya, yadda wanda ke tsaye a zaure zai ji.