Takalmana a Ƙofar Ɗakin Otal

'Yan rumfarmu na Babbar Kasuwa, yau wautata ta kusa kai ni kurkukun Landan!

Kun san kuɗin fetur da ƙasarmu ta samu ya kawo ni nan sarin leshi. Na tuɓe takalma a ƙofar ɗakin otal, yadda muka saba a Katsina. Da safe na leƙo, sai ga wani tsohon Bature ya kwashe su! Na ce, "Ɓarawo!" Na rafka mishi butar ƙarfe. Haƙori ya fita, jini ko'ina!

Alhaji Sule, abokin tafiyata, ya fito a guje. "Kai, Alhaji! Goge maka zai yi, aikinshi ke nan!"

Manaja zai kira 'yan sanda, tsohon ya hana. Ya tofar da jini, ya yi magana. Sule ya fassara: "Wai gobe ma za ka ajiye su?"